Garkuwar gitar: a cire ko a bari?

Ya kai mai karatu, in ka je biki a Tawa ko Agadas, ka ga samari suna kaɗa gitar ta lantarki. Duba gabanta da kyau. Akwai wani faranti na roba a ƙarƙashin tsirkiya, fari ko baƙi. Mu kira shi garkuwa. Aikinsa shi ne kare katako daga farce, da kuma ɗan guntun robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi.

Wasu makaɗa suna cire garkuwar. Sun ce gitar ta fi kyau haka, har amonta ya fi daɗi. Bari mu auna maganarsu.

Maganar amo ba ta da ƙarfi. A gitar ta lantarki, akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, ana ce masa mikro. In tsirkiyar ƙarfe ta motsa a bisansa, sai ya aika da motsin zuwa ampili, amo ya fito. Daɗin kiɗa yana ga mikro da tsirkiya da ampili da hannun makaɗi. Faranti bai da wani babban rabo a ciki.

Maganar kyau kuwa, sai an duba irin gitar, don ba duka suke ɗaya ba.

Ga Stratocaster, wadda kamfanin Fender na Amurka ya fito da ita a 1954. Irinta ce Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya saba kaɗawa da hannun hagu. A wannan gitar, mikro 3 da maɓallan ƙara amo duk a jikin garkuwa suke. A ƙarƙashinta akwai rami cike da wayoyi. In ka cire ta, mikro ba su da wurin zama, ramin kuma ya buɗe. A ƙasarmu ta ƙura da hunturu, rairayi zai shiga maɓallai, sai ka ji ƙarar ƙyas-ƙyas a tsakiyar waƙa. Nan babu gardama: a bar ta. In ta fashe, a sa sabuwa mai ramuka daidai da na tsohuwa. Ta farko kusoshi 8 ke riƙe ta. Daga 1959 suka zama 11. Ka ƙirga kafin ka saya.

Ga kuma Les Paul, ta kamfanin Gibson, wadda ta fito a 1952. Garkuwarta ƙarama ce, tana ɗan sama da katako, ba ta riƙe da komi. Da turnabis kaɗai ana cire ta, gitar kuma ta ci gaba da aiki. Nan masu cirewa suna da hujja, don katakon yana da ban sha'awa. Amma ramukan kusa za su rage a jiki. Haka kuma wanda ya sa garkuwa ga gitar da ba ta zo da ita ba, dole ya huda katako. Rami kuwa ba ya komawa, kuma ranar sayarwa mai saye zai rage kuɗi.

Ka san hannunka. In kana bugu da ƙarfi, garkuwa ta zama dole. Willie Nelson, mawaƙin Amurka, yana kaɗa wata gitar ta katako marar garkuwa tun 1969. Yawan bugu ya ci katakon har ya huda shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, ɗan'uwa, gitar tana da tsada, sau da yawa ma ta aro ce ko ta ƙungiya. Kada ka cire abu don ka ga wani ya cire. In garkuwa tana riƙe da mikro, ka bar ta. In ba ta riƙe da komi, kuma gitar taka ce, zaɓi naka ne. Sai dai ka adana farantin da kusoshinsa wuri guda. Ka karanta wa makaɗan garinku wannan, ku yi shawara. Allah shi ba mu sa'a.