Wardi da Bagaruwa: Tarken Wasu Kayan Ado Bakwai na Azurfa

A ƙarshen hunturun bana, ina cikin zaman jiran aiki bayan kammala hidimar ƙasa, 'yar kawuna ta kira ni ɗakinta a gidanmu na Ƙofar Dundaye. Ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tabarma, ta jera kayan ado guda bakwai na azurfa, kowanne da siffar wani tsiro. Ta ce, "Ke da kika karanci tarke a jami'a, duba min waɗannan, kuma kada ki ji kunyata." Na ce, "Yaya, tarken waƙa da zube aka koya mana, ba na ƙira ba." Ta ce ido ɗaya ne. Dalilinta kuwa mai nauyi ne: ta ɗauki adashinta, za ta sayi azurfa da shi kafin bukukuwan bayan Sallah, kuma ba za ta iya maimaita duka bakwai ɗin ba, dole ta zaɓi biyu ko uku. Abin da zai biyo baya shi ne amsar da na kasa ba ta a wannan daren.

Aikin na hannu biyu ne. Wani dattijo daga cikin maƙeran farfaru na Maƙera Assada shi ke narka azurfar, ya buga ta, ya ja zarenta, ya liƙa da sinadari. Yaya kuwa ita ke zana siffa, ita ke sa launi. Launin nan ba fenti ba ne. Garin gilashi ne ake wankewa, a cusa shi da ɗan tsinke cikin gurabun da zaren azurfa ya kewaye, a sa cikin ƙaramin murhun lantarki mai zafin da ya kai wajen digiri 800, ya narke ya kama ƙarfen. Duk wanda ya tashi a ɗakin da ke da jere ya san wannan shafen gilashi ko da bai san sunansa ba, domin shi ne a jikin langa da fanteka da samira. Bambancin kawai, na kwano injin masana'anta ke yi dubu-dubu, wannan kuwa sai an gasa abu ɗaya sau biyar ko shida, kuma kowane gashi na iya ɓata na bayansa.

Huɗu daga cikin bakwai ɗin furannin wardi ne: sarƙa, da zobe, da 'yan kunne iri biyu. Dole in fara da yabo, domin ta fuskar gwaninta su ne suka fi. Jan launi da ruwan hoda ba sa shiri da azurfa. Idan suka taɓa ta kai tsaye a cikin wuta sai su dushe, su koma kamar ruwan kwata. Sai an fara shimfiɗa gilashi marar launi a ƙasa kafin a ɗora su. Yaya ta ci wannan jarrabawa. Jan da ke tsakiyar furen sarƙar yana da zurfi, yana sassautowa a hankali har ya zama fari-fari a gefe, babu tsaga, babu kumfa. Amma da na daɗe ina kallo sai na rasa abin da zan ƙara gani. Furannin huɗu duk a buɗe suke daidai wa daida, babu wanda bai gama buɗewa ba, babu wanda ya fara yaushi, babu ƙaya ko ɗaya. Na tambaye ta inda ta ga wardin da ta zana. Ta yi dariya ta ce a jikin wani tsohon faranti na jeren Inna. To, ashe hoton hoto ne. Wani mai zane a wata masana'anta ta nesa ya taƙaita furen, ita kuma ta taƙaita taƙaitawarsa, har abin da ya iso kan ƙyallen ya zama alama kawai da ke cewa "fure", kamar yadda allon gefen titi ke cewa "makaranta".

A nan akwai wani rami da nake son kauce wa. Abu mai sauƙi ne in ɗauko karin maganar nan ta zanen aro da katara, in ce laifin wardi shi ne baƙo ne. Sai dai tarihin ƙirar farfaru ba zai goyi bayana ba. Munduwar kakarmu, wadda muke ɗauka ita ce asalin adon gargajiya, da narkakken kuɗin waje aka ƙera irinta. Dalar azurfa mai hoton Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta har bayan rasuwar sarauniyar da daɗewa, ta ratso Sahara ta shiga kasuwannin Daular Usmaniyya, kuma da yawa daga cikinta a wutar maƙera suka ƙare. Murjani daga teku yake zuwa, Sakkwato kuwa ba ta da teku. Ƙarau na gilashi daga Bida ake kawo shi, daga hannun Masaga. Shi kansa shafen gilashi a kan azurfa tsohuwar sana'a ce a wurin Musulmin Afirka: maƙeran Beni Yenni a duwatsun Aljeriya sun shahara da shuɗi da kore da rawaya, da jan murjani a tsakiya. Saboda haka ba aron kayan aiki nake tuhuma ba, ba kuma aron dabara ba. Aron ido nake tuhuma. Maƙerin da ya narka dalar Ostiriya bai ƙera munduwar Ostiriya ba.

Ba a kuma iya fakewa da cewa addini ya hana mu kallon tsiro da kyau. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, Abdullahi ɗan Abbas ya ba wani mai sana'ar zane shawarar ya koma ga itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Ƙofa ce a buɗe tun tuni. Abin mamaki shi ne yadda muka yi ƙarancin shiga ta. Adonmu na riga da bango da fata ya fi karkata ga dagi da aska da tambari, wato ga ƙulli da kusurwa. Furen da ya cika ɗakunan iyayenmu mata, a kwano da atamfa da zanen gado, kusan duk daga waje ya zo da siffarsa. Ga shi kuwa birnin da ɗaya daga cikin ƙofofinsa takwas ke ɗauke da sunan itace, wato Ƙofar Marke, kuma wanda fadamar Rima ke kwance a gefensa da lambunan albasa da tattasai.

Sauran ukun daga wannan ƙasa suka fito, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

'Yan kunnen bado ba su da laifi, ba su kuma da abin faɗa da yawa. Farin ya yi kyau, koren ganyen ya yi duhu fiye da kima. Ina zargin cewa ko da Yaya ta san bado tun muna yara, hannunta ya bi siffar da ya saba gani a littattafai, domin furen nan sananne ne a zane-zanen Masar da Indiya. Na wuce su.

Zoben tumfafiya shi ya fi ba ni haushi, saboda shi ya fi kusa da zama babban aiki. Tumfafiya ba tsiron da ake girmamawa ba ce. A juji take fitowa, da gefen maƙabarta, da gonar da ta gaji. Akuya ma ba ta cika kula ta ba, ana kuma gargaɗin yara kada farin ruwanta ya shiga musu ido. Amma wanda ya taɓa durƙusawa ya dubi furenta ya san abin da ke wurin: kunnuwa biyar masu kauri kamar an yi su da kaki, farare daga gindi, bakinsu kamar an tsoma a shuni mai ja-ja, a tsakiya kuma wani ɗan gini mai ginshiƙi biyar kamar hular sarauta. Yaya ta durƙusa, wannan babu shakka. Ta kamo kaurin kunnuwan, ta kamo yadda launin ke taruwa a baki. Sai kuma ta zo tsakiya ta cire ginin nan, ta dasa shuɗin yaƙutu irin wanda ake haƙowa a tsaunin Mambila. Dutsen mai kyau ne, shi ne ma mafi tsada a duk kayan. Amma ya zauna ne daidai inda tumfafiya ke zama tumfafiya. Da aka cire tsakiyar, abin da ya rage fure ne mai kunne biyar irin na ko'ina. Na fahimci abin da ya faru: ta ji tsoron kada a ce ta sa wa azurfa ciyawar juji, sai ta nemo wa tsiron ɗan rakiya mai daraja. Dutsen nan ban-haƙuri ne, kuma aikin da ke ba da haƙuri a kan abin da ya zaɓa ya riga ya raunana kansa.

Wannan ya tuna min da Rene Lalik, maƙerin Faransa da kayansa suka ja hankali a baje-kolin Faris na 1900. A zamanin da ake auna kayan ado da yawan daiman ɗin da ke jikinsu, shi ya riƙa aiki da ƙaho da gilashi, yana ƙera tsirrai masu ƙaya da zanzaro da mazari. Yau ana zuwa gidan tarihin Gulbenkiyan a Lisbon domin kallon su. Ban kawo shi don a kwaikwaye shi ba, domin hakan ma wani aron idon ne. Na kawo shi ne don a ga cewa an taɓa samun wanda ya bar ƙasƙantaccen tsiro ya tsaya da ƙafarsa, kuma kasuwa ta biyo shi daga baya.

Na bakwai ita ce sarƙar bagaruwa, wadda Yaya ta ajiye can gefen ƙyallen kamar ba ta so a gani. Babu fure a jikinta sai ɗaya. Kwanson 'ya'yan itacen ta ƙera, dogo, mai ƙugu tsakanin ƙwaya da ƙwaya, wanda dama can ya yi kama da tsakiyar da aka shirya a zare. Guda tara ne a jere, kuma babu biyu masu girma ɗaya. Na tsakiya ya ɗan karkace kamar yadda kwanso ke yi idan ya fara bushewa. Ba ta bar gilashin yana ƙyalli ba. Ta goge shi da dutse har ya dushe, ya zama toka-toka mai ɗan kore, kamar garin nan da ke jikin ɗanyen kwanso. Can kusa da maɗauri ta sa ƙwallon aƙiƙ rawaya ƙarami guda, a madadin furen bagaruwa mai kama da tufafin zare. A nan dutse ya yi aikin da ya kamata: ya shigo inda tsiron ke da gurbinsa, bai kori kowa ba.

Sarƙar tana da aibi. Maɗaurin ya yi mata kauri, kuma a bayan kwanso na uku gilashin ya tsage, domin ba a shafe bayan da kauri daidai da gaban ba. Duk da haka ita kaɗai ce na kasa ajiyewa. Basakkwace ba ya kallon bagaruwa ya ga itace kawai. Da ita majema ke jeme fatar jar akuya, fatar da ta ratsa hamada ta isa Turai har aka riƙa kiran ta da sunan Maroko, aka rufe littattafai da ita a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Sakkwato ba. Warinta na cikin unguwannin da muka ratsa muna tafiya makarantar allo. Ba Yaya ce ta zuba wannan duka a cikin azurfa ba; yana nan a cikin mai kallo, ita dai ta san inda za ta taɓa. Wardin ba shi da abin da zai taɓa a jikina sai farantin Inna.

Ta gaya min cewa ranar da ta kai wa dattijon maƙerin zanen wardi, bai ce komai ba, ya karɓa ya yi. Ranar da ta kai na bagaruwa kuwa sai ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Ɗiyata, wanga ƙugu ya yi yawa, bagaruwa ba ta matsewa haka." Ya aiki jikansa ya tsinko kwanso, suka gyara zanen tare. A wurina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi. Siffar da mutumin gari zai iya cewa an yi kuskure a cikinta, ita ce siffar da ke da gaskiyar da za a auna ta da ita. Babu wanda zai iya gyara wa Yaya wardinta a duk faɗin Maƙera Assada, domin babu abin da za a gwada shi da shi.

Saura maganar da ba ni da ikon rainawa, wato ciniki. Wardi na sayuwa. Masu haɗa lefe sun saba da ƙirar Dubai, kuma abin da ya yi kama da ita shi suke miƙa wa hannu. Wata da ta ga sarƙar bagaruwa ta tambaya ko maganin basir ne ake ratayawa. Ni da nake wannan hukunci ban zuba ko sisi a adashin ba, kuma idan kaya suka kwanta ba ni zan rasa jari ba. Amma ko ta fuskar kasuwar, ina ganin wardi tarko ne. Injin da ke buga shi dubu a rana zai fi Yaya araha kullum, zai kuma fi ta daidaito, tunda daidaito shi ne abin da wardin nata ke taƙama da shi. Abin da injin bai sani ba shi ne yadda kwanson bagaruwa ke karkacewa a watan bazara.

Da na karanta mata wannan rubutu, ta yi shiru har na zaci ta yi fushi. Daga baya ta ce za ta yi wardi shida domin su mayar da kuɗin azurfa, ta yi bagaruwa biyu. Ban ce mata ta yi daidai ba, ban kuma ce ta yi kuskure ba. Zoben tumfafiyar dai ta ɓamɓare masa yaƙutun, yana nan a cikin gwangwani da rami a tsakiyarsa. Jiya da safe na gan ta a bayan gida, wajen jujin da ke kusa da tsohuwar ganuwa, ta naɗe hannu da leda saboda ruwan, tana tsinkar furen tana ƙirga ginshiƙansa.