Hannun da Ke Juya Tsoho a Gangara

A Gangara, kamar sauran ƙauyukan Damargu, ba a san gidan da ake kai tsofaffi a ajiye ba. Wanda ƙarfinsa ya ƙare, a ɗakinsa yake kwanciya, kuma yawanci mace ce ke tsaye a kansa: matarsa in tana da sauran ƙarfi, ko ɗiyarsa, ko matar ɗansa, ko wata jika da ta fara hankali. Maza da yawa, da an gama ɗaure gero an zuba a rumbu, sun kama hanyar cin rani, wasu Kano, wasu Agadas da Libiya, wasu wajen haƙar zinariya a Jado. Abin da matan nan ke yi, mutane kan kira shi tausayi da neman albarka, kuma haka ne. Sai dai tausayi kaɗai ba ya hana bayan tsoho tsagewa. Akwai gwaninta a cikin aikin, mai ƙa'idoji, kuma a jikin tsohon ake gane gwana da wadda ba ta iya ba.

Babban abokin gabar mai kwanciya shi ne gyambon kwanciya. Mai lafiya ko barci yake yi yana motsawa bai sani ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙugunsa ya karye, ba ya iya wannan. Nauyinsa sai ya danne fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya kasa ratsawa, naman wurin ya fara mutuwa daga ciki, wani lokaci cikin awoyi kaɗan. Wuraren sanannu ne: ƙasan gadon baya, kwatangwalo, diddige, idon sawu, allon kafaɗa, gwiwar hannu, ƙeya, har da kunne. In gyambon ya buɗe, warkewarsa sai an yi watanni, kuma ta nan cuta ke shiga jini ta kashe.

A Ingila, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Dorin Noton ta fitar da ma'auni a 1962 don gane wanda ke cikin haɗarin wannan gyambo. Abu biyar take dubawa: ƙarfin jiki, hankali, ko yana tafiya, ko yana iya motsi a kan gado, da ko yana riƙe fitsari da bayan gida. Aikinta ya ƙarfafa ƙa'idar da gidajen tsofaffi na Turai da Amurka suka daɗe suna bi, wato a juya mai kwanciya kusan duk bayan awa biyu, a rubuta a takarda. Gwanar Gangara ba ta da takarda, amma ranarta a yanke take tun fil azal. Ta juya shi da asuba, ta koma da hantsi, ta sake da walaha, sannan azahar, la'asar, magariba, lisha, ta tashi tsakar dare. Tazarar wani wuri ta fi awa biyu, shi ya sa za ka ga tana leƙawa tsakanin daka da ɗora tukunya. Ba ta kwantar da shi tsaf a kan kwatangwalo. Takan ɗan kishingiɗar da shi, ta tokare bayansa da naɗaɗɗen zane, ta sa wani tsakanin gwiwoyinsa, ta ɗaga sha-raɓarsa da tsumma har diddige ya bar taɓa tabarma. Ba ta jan shi a kan shimfiɗa, domin ja yana saɓule fatar tsoho. Ta kira wani su kama gefe-gefen zanen da yake kai, su ɗaga tare.

Abin da ya fi burge ni shi ne tafin hannunta. Littattafan jinya da yawa sun koyar cewa alamar farko ita ce wurin ya yi ja, kuma in an danna jan bai gushe ba. Wannan bayani an yi shi ne a kan farar fata. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, shi ya sa ko a manyan asibitocin duniya akan makara wajen gano gyambon a jikin baƙin mutum, har sai ya yi nisa. Ita gwanar da hannu take dubawa. Lokacin wanka takan bi wuraren ƙashi ɗaya bayan ɗaya, tana jin inda ya fi kewayensa zafi ko sanyi, inda ya yi tauri, inda ya yi laushi fiye da kima, inda launi ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi, tana kuma kallon fuskar tsohon ko zai yamutsa. Wannan shi ne ainihin abin da ƙa'idojin zamani suka dawo suna koya wa ma'aikata game da fata mai duhu. In ta ji wurin ya canza, ba ta murza shi, domin murza tana ƙara ɓata naman da ya riga ya raunana. Ta ɗauke masa nauyi kawai, ta hana a kwantar da shi ta nan.

Sai jiƙa. Fitsari da gumi suna narka fata. In an shimfiɗa leda don kare katifa, gwana ba ta barin jiki ya taɓa ledar, sai ta ɗora zanen auduga, ta canza da zarar ya jiƙe, ta wanke wurin da ruwa mai ɗumi, ta tsane shi da dannawa a hankali, ta shafa mai kaɗan. Ko tsakuwa ɗaya ko ɓarɓashin abinci ba ta bari a shimfiɗa. Wanda ya san zurfin rijiyoyin Damargu ya san abin da wankin zannuwa kullum yake ci.

A watan Agusta na 2003 zafi ya sauka a Faransa, ya kashe mutum wajen 15,000, mafi yawansu tsofaffi, da dama a gidajen kula da tsofaffi. Bayan haka aka wajabta wa gidajen su tanadi aƙalla ɗaki guda mai sanyaya iska, su kuma rubuta shirin abin da za su yi in zafi ya tsananta. Zafin da ya girgiza Faransa kuwa, a ƙasar Tanut da Belbeji baƙon kowace bazara ne. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan wuce 40 kwana da kwanaki. Haɗarin shi ne tsufa na rage jin ƙishirwa, jiki na bushewa mai shi bai nema ba. Wani tsohon ma da gangan yake ƙin sha, don kada fitsari ya sa ya wahalar da mutane. Gwana ta san wannan kunya, don haka ba ta tambayar ko yana jin ƙishi. Ta zo da moɗa daga randa ta ce, “Baba, a ɗan kurɓa,” ta dawo an jima da farau-farau, an jima da fura mai ruwa-ruwa. Tana duba harshe ko ya bushe, tana lura da fitsari ko ya ragu ya yi duhu. In tsohon da ke magana daidai da safe ya fara sambatu da rana, tunaninta na farko ruwa ne ko zazzaɓi. Takan fito da shi daga ɗakin kwano zuwa inuwa mai iska, ta jiƙa zane ta shafe masa wuya da hammata. In gudawa ta zo, ta kaɗa ƙunshin gishiri da sukari na likita a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Da hunturu kuma hankalinta na kan kaskon wuta: kada ya kusanci bargo, kada a rufe ƙofa ruf da garwashi a ciki, domin iskarsa na kashewa cikin barci.

Ciyarwa ma ilimi ce. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki sau da yawa haɗiya na yi masa wuya, abin da ya kamata ya bi maƙoshi sai ya zarce huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su taso. Shi ya sa gwana ba ta yin ɗura, ba ta kuma ba mutum abinci yana kwance. Ta zaunar da shi ta jingina, kansa ya ɗan sunkuyo, ta ba shi kunu mai ɗan kauri cokali-cokali, ta jira ya haɗiye kafin na gaba. In ya ƙware ko muryarsa ta canza, ta dakata. In an gama ta duba kumatu ko abinci ya maƙale, ta goge masa baki, ta bar shi zaune kamar rabin awa.

Ga mai sauran tafiya, faɗuwa ce abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara. A gidan gwana za ka tarar an kawar da turmi da igiyar akuya daga hanyar makewayi, sanda da tocila suna inda hannu zai kai, an ajiye masa abin fitsari kusa don dare.

Gigin tsufa ya fi komai gwada haƙuri. Tsohuwa ta tashi da la'asar ta ɗaure kaya, wai za ta gidan ubanta da ya rasu tun tuni. A Amurka sai da aka yi doka a 1987 kafin a tabbatar wa mazauna gidajen tsofaffi haƙƙin kada a ɗaure su ko a ɗirka musu maganin barci don kawai ma'aikata su huta. Gwana ba ta ɗaurewa, ba ta kullewa, ba ta gardama. Ta ce, “To Inna, a bari rana ta yi sanyi, sai in raka ki,” ta miƙa mata wake ta tsince, ta sa jikoki su zauna kusa. In wani ya fara raɗe-raɗen maita a kan maganganun tsohuwar, ita ce ke tsayawa ta ce ciwo ne.

Duk wannan cikin sutura ake yinsa. Tana sallama kafin ta ɗaga labule, ko da mai ɗakin ba ya amsawa. Wajen wanka gaɓa ɗaya take buɗewa, sauran jiki a rufe. Inda surukuta ta hana ta taɓa uban mijinta, ta tsaya bayan ƙofa tana gaya wa ɗansa ko jikansa yadda zai yi. Lokacin salla ta fuskantar da shi gabas, ta taimaka masa da alwala ko ta kawo masa abin taimama, domin mutumin da ya shekara saba'in bai bar salla ba, ranar da aka manta da sallarsa ranar yake jin an fitar da shi daga cikin mutane.

Ina ganin an bar matan nan su kaɗai fiye da kima. Tun 2006 Nijar ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, kuma a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, dole hankalin likita ya fi karkata ga yara da masu ciki. Amma ma'aikatan lafiya da ke shiga ƙauyuka don rigakafi za su iya leƙa ɗakin tsoho su auna hawan jini, su bar safar hannu da bandeji, su saurari abin da mai jinya ta gani. Ita kanta tana bukatar wadda za ta karɓe ta ta yi barci, kuma kuɗin da ƴan cin rani ke aikowa ya kamata a ware na sabulu da zannuwa a ciki.

Gwanar kirki ta san inda iyawarta ta tsaya. Baki ya karkace ko hannu ya saki farat ɗaya, gyambo ya yi baƙi ko ya fara wari, fitsari ya tsaya, numfashi ya yi sama-sama, ƙafa ta gajarce ta juya waje bayan faɗuwa: waɗannan ba na gida ba ne. Nan take za ta sa a nemo amalanke ko mota zuwa likitar gari, daga can in abin ya fi ƙarfinsu a tura asibitin Tanut, ko babban asibitin Damagaram da ke kudu da tazarar kilomita sama da 100. Kafin a ɗora shi sai ta ninka shimfiɗa a ƙarƙashin ƙugu da diddige, ta ɗauki ruwa da zanen canji, ta tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya don ma'aikacin da zai karɓe su ya gani da idonsa.