Nazari A Kan Takardun Bayanin Ciwon Sikila Na Asibiti

Cikin rubuce-rubucen Hausa na boko akwai wani iri wanda masana ba su cika kula da shi ba, watau 'yan takardun nan da a ke miƙa wa majiyyata a asibiti. Alhali kuwa sun cancanci a auna su da ma'auni mai tsanani, gama kuskuren kalma ɗaya cikinsu ya kan jawo hasarar rai. Waɗanda za a duba a nan su ne na ciwon sikila, domin Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai wajen 150,000 a ke haifa da shi a ƙasar kowace shekara.

Abin yabo na farko shi ne yadda takardun su kan kwatanta ƙwayar jinin mai ciwon da lauje. Kwatancin ya zauna daidai. Duk wanda ya taɓa yankan ciyawa ya san lanƙwasar lauje, ba kuwa zai sha wuyar gane dalilin da ƙwaya mai wannan siffa ta ke maƙalewa a ƙananan hanyoyin jini ba. Da sun ƙara da cewa lafiyayyar ƙwaya ta kan yi kwana 120, ta sikila kuwa kwana 10 zuwa 20, da mai karatu ya gane asalin ƙarancin jinin ɗansa.

Amma fa wajen bayanin gado a nan ƙafa ta ke zamewa. A kan rubuta cewa in miji da mata duka AS ne, ɗaya cikin 'ya'ya huɗu zai fito SS. Wanda ya karanta haka sai ya ɗauka in na fari ya zo da ciwon, to, uku na bayansa sun tsira. Ba haka lissafin ya ke ba. Kowane ciki da nasa rabo. Misalinsa kamar ƙwarya ce mai tsakuwa huɗu, ɗaya baƙa: a rufe ido a ɗauka, sa'an nan a mayar, in an sami wani ciki a sake ɗauka. Baƙar tana iya fitowa sau uku a jere. Jimla biyu sun isa gyara wannan, amma juya Turanci kalma da kalma ya hana.

Har wa yau akwai kiran mai AS "mai ɗauke da cuta". A kunnen Bahaushe, mai ɗauke da cuta majiyyaci ne, watakila ma wanda a ke gudun haɗa ƙwarya da shi. Mai AS kuwa yawanci lafiyarsa lau, ba ya kuma shafa wa kowa. Tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wannan kalma ta ƙara nauyi, don budurwa tana iya rasa manemi saboda ita. Haka kuma wajibi ne a faɗa a fili cewa yaro daga uwa da uba duka ya ke gadon ciwon, domin a gidaje da yawa uwa kaɗai a ke ɗora wa laifi.

Na ƙarshe shi ne umurni marar kai, irin su "a ga likita in da bukata". Uwar da ɗanta ke kuka da tsakar dare ba ta san iyakar bukata ba. Kamata ya yi a lissafa mata alamu: zazzaɓi, ciwon ƙirji ko wuyar numfashi, kumburin saifa, ɗashewar tafin hannu, shanyewar ɓarin jiki. Ko wanne ta gani, kada ta jira gari ya waye.

Maganin waɗannan aibobi ba mai tsada ba ne. Likita ya ba da ilmi, masanin Hausa ya rubuta tun daga tushe, sa'an nan a karanta wa iyaye mata a bakin asibiti, a ce su maimaita abin da su ka ji. Inda su ka karkace, nan takarda ta karkace, sai a gyara kafin a kai maɗaba'a.