Kwalliyar Lambobi: Ado ko Wahalar da Jama'a?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a shafukanmu na sada zumunta, wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. Ita ce rubuta lambobi da salon ƙawa a jikin suna ko a wurin bayanin kai: shekarar haihuwa, shekarar kammala digiri, har da lambar waya. Sai ka ga mutum ya rubuta 𝟗𝟖 ko ⑨⑧ maimakon 98, shi a ganinsa ya burge.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Lokacin da nake digiri na biyu a nan Ingila, wani ɗan'uwanmu mai larurar gani ya iso yana neman ɗakin haya. Aka tura masa shafin wani ɗalibi da zai bar ɗakinsa, wanda ya rubuta lambar wayarsa da irin wannan kwalliya. Manhajar da ke karanta masa rubutun allo ta riƙa jero masa dogon sunan kowace alama, ya kasa fitar da lambar. Kafin ya sami wanda zai karanta masa, wani ya riga shi.

Laifin ba na manhajar ba ne. A wurin kwamfuta, 𝟗 daban, 9 daban, kowanne da lambar shaidarsa a tsarin Unicode, wato kundin da ya tattara haruffan duniya. A shekarar 2001, cikin sigar Unicode 3.1, aka shigar da waɗannan alamomi, ciki har da lambobi 50 masu salo biyar. An yi su ne domin masana lissafi, waɗanda a wurinsu kaurin alama ko siffarta na iya sauya ma'ana. Shafukan da ke yi mana kwalliyar ba sa ƙirƙirar komai. Musanya lambarka kawai suke yi da waɗannan alamomi. Shi ya sa wani lokaci a nemi sunanka a rasa, ko a taɓa lambarka waya ta ƙi kira, ko tsohuwar waya ta nuna akwatuna zalla. Instagram da X ma ba sa karɓar su a sunan asusu, sai a sunan da ake nunawa da wurin bayani.

Mu Hausawa kuma asararmu biyu ce. Haruffan Latin da ke cikin wannan rukuni daga A zuwa Z suka tsaya. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Mai suna Ƙasimu ko Ɗanladi da ya ƙawata sunansa don ya dace da lambobin, ko dai harafin farko ya fita zakka, ko ya yar da lanƙwasar gaba ɗaya.

Ban ce son ado laifi ba ne, domin kowa na son ya fita daban cikin dubban masu suna irin nasa. Amma lamba an yi ta ne don a karanta, a kwafa, a kira. Idan ta gaza haka, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Shawarata, mu yi adonmu a hoto, lambar waya da kwanan wata kuwa mu rubuta su yadda kowa zai iya karantawa, mai gani da marar gani.