Jinjina ga Masu Shirya LibreOffice

A Satumban 2010, bayan Oracle ya sayi kamfanin Sun mai manhajar OpenOffice, wasu masu aikin sa kai suka ɗauki tushen manhajar, suka kafa The Document Foundation, suka raɗa wa sabon reshen suna LibreOffice. Jinjinata ta fi zuwa ga masu shirya fayilolin girkawa, waɗanda ba a cika jin sunansu ba. Su suka yi ta gwaji a Windows da Mac da Linux iri-iri, aiki mai cin ido da haƙuri. Albarkacinsu, da fitowar sigar 3.3 a Janairun 2011, malami ko akawu ya sauke ta kyauta, ya girka, ya buɗe tsofaffin takardunsa a Writer, sashenta na rubutu.