Rahoton Gwaji A Makaranta: Shahada Ce Ko Cike Gurbi?

Daga cikin nau'o'in rubutun da ilmin zamani ya zo mana da su, da wuya a sami wanda ya fi ƙarancin ado, ya kuma fi wuyar cika sharuɗɗa, kamar ɗan rahoton nan da ake sa ɗalibin kimiyya ya rubuta bayan ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje. Tsarinsa sananne ne: a faɗi manufa, a lissafa kayan aiki, a bayyana yadda aka yi, a jera abin da awo ya bayar cikin jadawali, sa'an nan a yanke hukunci. Mai kallon sama-sama zai ce cike gurbi ne kurum, alhali kuwa asalinsa shahada ce da mutum ke bayarwa a kan abin da ya gani da idonsa, bisa sharaɗin cewa wani na iya bin sawunsa ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Wannan ɗabi'a tana da tarihi. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, sa'ad da ya wallafa Kitabul Manaziri a Masar, bai wadatu da cewa haske miƙe yake tafiya ba, sai da ya siffanta ɗaki mai duhu da 'yar kafa a jikinsa, da fitilun da za a jera a waje, domin mai karatu ya jarraba da kansa. Haka Robert Boyle a Ingila, a littafinsa na 1660 kan famfon zuƙe iska, ya riƙa tsawaita bayani har ya kan gajiyar da mai karatu, yana ambaton gwajin da ya ci nasara da wanda ya ƙi ci, don ya san ƙalilan ne za su mallaki irin na'urarsa. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin su ma ba su karɓar ruwaya sai daga mai adalci da kiyayewa, kuma tadlisi, wato ɓoye raunin ruwaya, babban aibi ne a wurinsu.

To, mu dubi abin da ke faruwa a aji. An ba yaro zare da ɗan dunƙulen ƙarfe da agogo, an ce ya auno ƙarfin jan ƙasa. Ya ɗaura, ya karkata ƙarfen kaɗan ya saki, ya ƙidaya lilo 20, ya sake tsawon zaren ya maimaita, ya yi lissafi, sai ga 10.6 ta fito, shi kuwa ya riga ya haddace cewa littafi 9.8 ya ce. A nan ne ake jarraba amanarsa, kuma galibi a nan take faɗuwa: sai ya ɗauki magogi ya taɓa lambobin jadawalin har su yi daidai da littafi, ko ya leƙa na maƙwabcinsa. Da ya bar 10.6 ɗin nan, ya zauna ya yi tunani ko daga ƙasan ƙarfen ya auna zaren maimakon tsakiyarsa, ko kuwa yatsansa ne ya yi gaggawar tsai da agogo, lalle da ya koyi abin da darasin ya zo koyarwa tun farko.

Sashen da ya fi ban takaici shi ne na matakan kiyaye kuskure, wanda ya zama hadda tsantsa, har ka ga yara arba'in sun rubuta cewa sun kashe fanka don kada iska ta kaɗa zaren, a ɗakin da ba a taɓa rataya fanka ba.

Ban ɗora wa yaran laifin duka ba. Makarantu da yawa ba su fito da kayan gwaji sai jarrabawar WAEC ta ƙarato, waɗansu ma a allo ake zana musu kayan, kuma malamin da ke ba da maki gwargwadon kusancin amsa da ta littafi, shi ne ya koya wa almajirinsa gyaran lamba, ko da bai nufa ba. Saboda haka ina roƙon malaman kimiyya, in suka tarar da rahoto mai 10.6 wanda ya bayyana dalilinsa, su fifita shi a kan mai 9.8 wanda babu alamar hannun mai shi ya taɓa zare.