Idon da Ke Bayan Hoton

Duk wanda ya dawo daga gandun dajin Masai Mara na ƙasar Kenya da hoton damisa kwance a reshen bishiya, shi ake yi wa kirari. Ba kasafai ake tuna jagoran da ya tsayar da motar a daidai wurin ba.

Da yawa daga cikin jagororin nan 'yan ƙabilar Masai ne da suka tashi da kiwo a wannan daji. Shawagin ungulaye ya ishe su sanin inda zaki ya yi kisa. Kururuwar birai kuwa, damisa ce a kusa. Tsakanin Yuli da Oktoba, lokacin da nyumbu sama da miliyan ɗaya, dabbobi masu zubin gwanki, ke tasowa daga Serengeti ta Tanzaniya tare da jakunan dawa, jagora ne ke hasashen mashigar da za su tsallaka Kogin Mara, inda kadoji ke dako. Ya kashe injin, ya sa rana a bayan mai hoto, a zauna jira, wani lokaci har wuni guda.

Aikin ba na ka-ci-ɓulus ba ne. Ƙungiyarsu ta ƙwararru a Kenya jarrabawa take shiryawa, mataki uku: tagulla, azurfa da zinariya.